Ragon Suna a Taman Melati

Zariya zuwa Kano

Ana kiran assalatu muka bar Tudun Wada ranar Talata, ƙanena Malam Sani yana tuƙi, ni ina baya da akwatuna biyu da jakar hannu. Autata Hadiza ce ta haihu a Malesiya, inda ta bi mijinta da ke karatun digiri na uku. Shekararsu shida a can Allah bai kawo ba sai bana. An yanka mini tikiti don in isa kafin naƙuda, amma angon nawa bai jira ni ba, ya faɗo tun ranar Asabar. Ke nan in na sauka Laraba, kwana biyu kawai ke tsakanina da ranar suna.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata, girkin biki nake yi tun Hadiza tana goye. Abin da nake taƙama da shi kuwa ɗaya ne, ban taɓa dafa wa taro ba nama ya ƙare da sauran mutane a zaune. Don haka tun ranar da aka yi mini albishir na soya naman sa bokiti guda in tafi da shi. Sai surukina ya aiko cewa ƙasar ba a shiga da nama, ko kilishi ne za a karɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na raba wa maƙwabta, na cika gurbin da yajin jego da kanwa da daddawa da kuka.

Mun tsaya a Kwanar Dangora Malam Sani ya sha shayi, shingen 'yan sanda biyu muka wuce ba wanda ya ce mu buɗe but. Hantsi bai yi zafi ba muka shiga filin jirgin Kano. Da rana muka tashi, muka sauka Adis Ababa muka canja jirgi. Tafiyar da ta biyo baya ba ta da labari, zama ne kawai har ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga.

Laraba, Kuala Lumpur

A wajen duba kaya wata ma'aikaciya mai ɗan ƙaramin hijabi ta buɗe akwatina, ta ɗago ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta yi baya. Da hannu na kwatanta mata tukunya da ludayi. Ta yi dariya ta ce, "Boleh, boleh," ta mayar mini da abina. Kalmar da na fara koya ke nan, ma'anarta an yarda.

Surukina, wanda nake kira Malam, yana jira a waje da motar da ya ara wurin abokinsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, mutane suna kallo, na ce ya tashi Allah ya yi albarka. Tafiyar kusan awa ɗaya ce zuwa gida, titi sumul, itatuwan kwakwar manja hagu da dama. Su ta hagu suke tuƙi, don haka duk motar da ta taho sai in ga kamar kanmu za ta hau, na yi ta salati a zuci don kada Malam ya ga tsoron surukarsa.

Unguwarsu sunanta Taman Melati, gidan kuwa bene ne mai tsawon gaske, suna hawa na goma sha huɗu. Na sami Hadiza ta rame amma fuskarta fes. Na ɗauki angona, jajir da shi, hancin ubansa sak. Na yi kukan da na riƙe tun daga Zariya.

Bayan na dama mata kunun kanwa ta sha, sai na tambayi abin da ya kawo ni: mutum nawa aka gayyata, me aka tanada? Ta ce saba'in, rago ɗaya da kaji, an kama zauren taro da ke ƙasan benen. Sannan ta rage murya.

"Umma, shekara shida ina zuwa sunan mutane a garin nan. Ba wanda ban je ba. In ci, a ƙulla mini in taho da shi, a ce Allah ya kawo naki. Ni dai abu ɗaya nake so, duk wanda ya zo ya ci naman ragon ɗana. Kada mutum ɗaya ya koma a ce bai samu ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, uwarta ta zo.

Alhamis, gonar raguna

Na ce sai na ga ragon da idona. A can ba a kawo rago gida a ɗaure, gona ake zuwa a zaɓa, su yanka ranar suna su kawo naman. Da safe Malam ya ɗauke ni muka nufi wajen Gombak, muka bar benaye muka shiga duwatsu da daji kore shar. Gonar tana ƙarshen wata hanya mai taɓo, dabbobin suna kan dakalin katako don ƙasar ba ta bushewa.

Aka nuno mini ragon. A kasuwar Tudun Wada da ɗan tunkiya za mu kira shi, amma da na lalubi bayansa da cinyarsa na ji yana da jiki ba laifi. Ido ba mudu ba, ya san kima. Na rarraba shi a kaina, cinyoyi da karfata da haƙarƙari da gadon baya, na ga zai ba da tsoka ɗari da hamsin in an yanka yadda nake yanka. Mutum saba'in, bibbiyu, har da ragowa. Na ce wa Malam ya isa. Ya yi ajiyar zuciya, don da alama abin ya dame shi shi ma.

A hanyar dawowa ya tsaya a wani kedai, wato shagon abinci, ya saya mana na rana. Ina zaune ina kallo. Aka zuba wa wani saurayi shinkafa a faranti aka miƙa masa, sai na ga shi da kansa ya bi layin kwanuka yana ɗiba, nan kaza, can kifi, ya ƙara da nama yanka uku, mai shagon tana tsaye ko kallonsa ba ta yi. Na bayansa ma haka. Na juya wurin Malam.

"Malam, a shago ne kawai ake wannan, ko har a biki?"

"Ko'ina haka ne, Hajiya. A jera abinci a tebur kowa ya zuba wa kansa. Mu ma haka muke yi a tarukanmu."

Shinkafar nan ban san yadda na haɗiye ta ba. Duk lissafin da na yi shekara da shekaru ina yi, ashe a kan ludayin da ke hannuna ya tsaya. A gida ni nake zubawa, ni na san biyu biyu ne. In an ajiye tsoka ɗari da hamsin a tire aka ce kowa ya ɗiba, mutum talatin na farko za su tashi da ita, kuma ba laifinsu ba ne.

Da muka koma na sami wata mata a kicin ɗin Hadiza tana wanke kwanuka, gajera mai faɗin murya. Maman Nanret ce, 'yar Pankshin, Kirista, mijinta yana koyarwa a wata jami'a, suna hawa na tara. Ita ta kai Hadiza asibiti ranar naƙuda, ita ke yi mata girki kafin in iso. Na zayyana mata damuwata. Ta goge hannu ta zauna.

"Mama, wa ma ya ce miki seventy? Seventy ne a baki. Kowace mace za ta zo da yara, sannan ga students, gwauraye, waɗanda rabon su da abincin gida tun bara. Waɗannan ko ba a kira su ba za su ji ƙamshi. Ki sa one twenty. Kuma kowa sai ya yi tapau."

"Mene ne kuma tapau?"

"A ƙulla a tafi da shi gida. In ba a yi ba kamar ba a yi taro ba."

Na ce to ita yaya take yi in tana da taro? Ta ce kada in ji haushi, ita da naman da ba na ci ta koyi lissafin. Duk Kirsimeti takan sayi cinyar alade, irin wadda ake sa wa gishiri a kyafe, ta tara 'yan cocinsu. Shekarar farko ta kunyata. Daga baya ta gane in cinyar mai ƙashi ce, kilo ɗaya mutum huɗu yake ci, in marar ƙashi ce ya kai shida. In kuma ta yanka shi fale-fale ta shimfiɗa ya cika tire, mutane kaɗan suke ɗauka su ƙoshi, amma in ta yi gunduwa-gunduwa sai kowa ya ɗauki biyu ya dawo.

"Ido ne ke fara ci, Mama. In ya ga tire a cike ba ya haɗama."

Na ce, "Oh ni. Na tsufa a kan tukunya, yau ga alade yana koya mini rabon rago." Muka yi dariya har Hadiza ta leƙo daga ɗaki.

Amma maganarta ta buɗe mini kai. Nama marar ƙashi da zai cika ido ya yi auki, ai muna da shi tun kaka da kakanni. Dambun nama. Kilo ɗaya in ya zama dambu mutum goma za su ɗiba su ji sun ci nama.

Juma'a, kasuwar Chow Kit

Da sassafe muka fita ni da Maman Nanret. Jirgin ƙasan unguwar a sama yake tafiya, kuma ba shi da direba. Na leƙa gaba na ga ba kowa sai gilashi, na koma na zauna na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Muka sauka Kampung Baru muka ƙarasa da ƙafa, zufa tana bin bayana kamar an watsa mini ruwa.

Kasuwar tana gefen babban titin masu yadi, Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ciki jiƙe yake, ga kifi ga kaji ga 'ya'yan itatuwan da ban san sunansu ba. Maman Nanret ta kai ni wurin wani mahauci Musulmi, dattijo mai farar hula. Yana da naman sa na ƙasar, mai tsada, yana kuma da naman ɓauna da ake kawowa daga Indiya a daskare, zallar tsoka ba ƙashi ba kitse. Na sa ya yanko mini kaɗan na duba zarensa. Dogon zare ne, irin wanda dambu ke so. Na ce kilo goma, na sake tunani na ce sha biyu.

Ya tambayi Maman Nanret me za mu yi da nama haka. Na kwatanta masa da hannu, a dafa, a daka, a soya har ya zama kamar auduga. Sai fuskarsa ta washe ya ce, "Serunding!" Ashe su ma suna da shi, da kwakwa suke yin nasu. Ya ƙara mana wani yanki kyauta ya ce na jariri ne. Muka sayi albasa da citta da tafarnuwa da man gyaɗa, da ƙananan robobi masu murfi na tapau, muka ɗauki tasi ta bi da mu ta Titiwangsa zuwa gida.

Turmi ne babu. Wata tsohuwa Bamalaya da ke ƙofa da ƙofa da su Hadiza ta ara mana nata na dutse, ɗan ƙarami, ba ya cin fiye da tafin hannu biyu. Muna fara daka na ƙasa suka bugo rufi. Dole muka ninka tawul muka ɗora turmin a kai, mata huɗu daga cikin ƙawayen Hadiza suka zo suka zauna suna tsittsinka sauran da yatsu. Maman Nanret ko cokali ba ta yarda ta kawo daga gidanta ba, ta ce da kayan Hadiza za a yi komai don hankalin kowa ya kwanta. Na ji daɗin wannan fiye da yadda na nuna mata. Kafin magariba dambu ya cika manyan kuloli biyu, ƙamshi har cikin lif ɗin hawa benen.

Saura ragon. Na ce wa Hadiza shi kam ba zan ajiye shi a tebur ba, zan tsaya a kansa da matsami in riƙa sa wa kowa ɗaya. Fuskarta ta canja.

"Umma, don Allah a'a. Nan in kika tsaya a kan abinci kina ƙirga wa mutane, cewa za a yi rowa muke yi. Gara a ƙara sayen nama."

"Naman kasuwa ai ga shi nan kula biyu. Ke kika ce na ragon ɗanki kike so kowa ya ci, rago kuwa ɗaya ne."

Idonta ya kawo ruwa. Na bar maganar, don mai jego ba a ja da ita. Gaskiyarta ce, ni ma gaskiyata ce, kuma na kwanta ban san mafita ba.

Asabar, ranar suna

Bayan sallar asuba maza suka taru a ƙaramin masallacin benen aka raɗa wa yaro suna Abdurrahman. Ana kawo mini dabino da goron raɗin suna, wani yaro ya bi ɗaki ɗaki da faranti yana miƙa wa kowa, sai abin ya faɗo mini. Ai ba wanda ke zuwa ya ɗebi goron suna da kansa. Kai masa ake yi, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan rowa.

Wajen tara aka kawo naman. Na ɗaura zani na zauna na yanka da hannuna, na rage girman yanka kaɗan, na fitar da tsoka ɗari da sittin da 'yan kai. Kai da ƙafafu da kayan ciki da ƙasusuwan wuya suka tafi farfesu. Na soya tsokar ta yi ja, na barbaɗe ta da yajin Zariya, na rufe a kula na sa a ƙarƙashin kujerata.

Bayan la'asar zaure ya fara cika. A tebur muka jera shinkafa dafa-duka da kaji da farfesu da waina, ga dambu tsibi guda a manyan tire biyu, kowa ya zuba son ransa. Matasan nan kuwa sun zo kamar yadda aka faɗa, ayari ayari. Na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Guy, dambu ne fa, real one. Abeg matsa." Suka ɗiba suka ƙara, tire bai nuna ba.

Da na ga kowa ya zauna da farantinsa, na yafa mayafina mai kyau, na cika tire da naman rago, Maman Nanret ta riƙe mini, na fara daga layin farko. In tsaya gaban mace in ce, "Ni ce kakar yaro, daga Zariya na zo. Ga naman ragon Abdurrahman, a sa masa albarka." In sa mata tsoka ɗaya a faranti da hannuna. Ta farko ta yi zumbur ta miƙe ta rusuna ta karɓa da hannu biyu. Ta biyu ma haka. Kafin in kai ƙarshen layi zauren ya yi tsit, sai addu'a kawai ke tashi. Yara na ba su nasu a hannu. Tsohuwar da ta ara mana turmi ta kama hannuna ta kai goshinta.

Na tsallaka ɓangaren maza, tsufa ya ba ni wannan dama. Samarin da ke ta hayaniya ɗazu duk suka ajiye cokali suka durƙusa. Wani dogo ya ce, "Mama, wallahi kin tuna mini da kakata." Ba wanda ya ce a ƙara masa. Wa zai dubi tsohuwar da ta tako har gabansa ya ce bai isa ba?

Ina rabawa ina ƙirgawa a zuci, kuma lissafin ya fara ba ni tsoro, don mutane sun haura ɗari da ashirin ɗin da muka sa. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, waɗanda ya tsare a hanya suka riƙa shigowa a jiƙe bibbiyu uku-uku. Na cika tire na uku, na juye kular ta ƙare. Maman Nanret ta dube ni, na ce mu je. Duk wanda ya shigo in tare shi tun daga ƙofa. Tire yana raguwa, ƙofa ba ta daina buɗewa ba. Ana gab da magariba wata mata ta shigo da yara uku, ta ce daga Bangi suke, mota biyu da jirgin ƙasa suka hau. Na ba su huɗu. Na dubi tire, saura uku. Na tsaya a bakin ƙofar nan har aka kira salla, ba wanda ya sake shigowa.

Aka cika robobin tapau da dambu, kowa ya fita da tasa a hannu, har aka rasa wanda za a ba sauran. Cikin ukun nan na kai wa mai gadin benen ɗaya, na ci ɗaya a tsaye don tun safe ban sa komai a bakina ba. Ta ƙarshen na sa a ɗan faranti na hau da ita sama.

Hadiza tana zaune bakin gado tana shayarwa, ko ɗankwalin kwalliyar ba ta cire ba. Ta ɗago.

"Umma, kowa ya samu?"

"Kowa. Saura ke."

"Har Maman Nanret? Har masu zuwa daga baya?"

"Har mai gadi."

Ta karɓi farantin ta riƙe, ta daɗe tana kallon naman, hawaye yana sauka a kan zanin yaron. Sannan ta yi bismilla ta ci, har ƙashin ta tsotse. A duk bukukuwan da na yi wa girki ban taɓa jin daɗin da na ji a ɗakin nan ba.

Komawa gida

Bizata ba ta kai ni arba'in ba, don haka na yi wa Hadiza wankan da ya samu na damƙa sauran a hannun Maman Nanret, na bar mata rabin yajin da na zo da shi. Kafin in taho mata biyu masu ciki sun zo har gida suna tambaya ko zan dawo lokacin nasu. Na ce su nemi tsohuwa ko wacce ce su ba ta tire, aikin ba na Zariya kaɗai ba ne.

Malam ya mayar da ni filin jirgi, na sake bi ta Adis Ababa, na sauka Kano da rana tsaka. Malam Sani yana jira, muka shiga Tudun Wada ana sallar la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa surukina da ya riƙe ni kamar uwar da ta haife shi, da Maman Nanret, da duk matan Taman Melati da suka tsinka nama har yatsunsu suka yi ciwo.

Maƙwabta suka cika gida ana yi mini barka da sauka. Wata ta ce ina nasu naman sunan, ko na cinye a jirgi? Na ce ragon Abdurrahman ko ƙashi bai yi saura ba, kuma ba wanda ya taka zauren nan ya fita bai ci ba.